Gyaran da Anti Dolores Ta Yi wa Mai Takalmin Ƙarfe

Toledo, Ohio
Janairu, 2003

Clifford,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da mutanen jirginku. Ni dai da sauƙi. Kwankwason nan ne ke damuna idan sanyi ya sauko, likita kuma ya ƙara min wata ƙwaya da ba ta yin komai sai sa ni gyangyaɗi a coci. Na ga 'yarka Shelby ranar Lahadi, uwarta ta kawo ta. Ta yi tsawo, ta huda hanci.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na yanke shawarar sayar da gidan nan, matakalarsa ta fi ƙarfina. Ina kwashe tarkacen ɗakin ƙarƙashin rufi sai na ci karo da wani akwatin ƙarfe na ubanka, Allah ya jiƙan Leonard. Na ɗauka hotuna ne. Ashe littattafan zanen nan ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansu, na ƙartin da ke saka ɗan kamfai a kan wando suna tashi sama. Mamanmu ta karya tsintsiya a bayansa saboda su, ashe ɓoye su ya yi. Na saman sunansa Mai Takalmin Ƙarfe, an rubuta fitowa ta ɗaya, 1941.

Ƙawata Gertie ta ce in ba masu kwasar shara. Na ce bari in tambaye ka tukuna, tunda kai ma ka gaji cutar. In ba ka so, ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba.

Antinka,
Dolores

Dutch Harbor, Alaska
Fabrairu, 2003

Anti Dolores,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da kwankwaso ya yi sauƙi, ki daure ki riƙa shan ƙwayar ko da za ki yi minshari a gaban Fadan cocinku. Ni ma lafiya, in ban da gwiwar hagu da ta kumbura tun kamun ƙaguwar bara. Wasiƙarki ta jira ni a ofishin tasha har muka dawo daga teku. A tsaye na fara karanta ta, sai da na nemi wurin zama.

Don Allah, Anti, kar ki ba masu shara. Kar ma ki bar Gertie ta leƙa akwatin. Na san a wurinki shirmen yara ne, amma duniya ta daɗe da wuce inda kika bar ta. Yanzu akwai kamfanin da ba shi da aiki sai wannan: a aika musu littafi, ƙwararru su duba shi shafi-shafi da madubin ƙara girma, su ba shi maki daga ɗaya zuwa goma. Sai su rufe shi ruf a cikin gidan roba mai tauri, su manna masa tambari shuɗi da makin a jiki. Daga nan makin ake saya. Rabin maki kawai sai ya zama kuɗin sayen mota. Shi kuwa Mai Takalmin Ƙarfe na farko, waɗanda suka rage ba su da yawa, lokacin yaƙi aka tattara galibinsu aka niƙa da tsofaffin jaridu.

Ba zan ɓoye miki ba, gwiwar nan ba za ta kai ni wata shekara a kan ruwa ba. Shelby ta kusa gama makaranta, ba ta san ni ba sai a katin Kirsimeti. In littafin nan ya samu maki mai kyau zan sauka daga jirgi, in kama ɗan gida a Toledo, in nemi aikin da ake yi a kan tudu.

Adireshin kamfanin na bayan takardar nan. Shi kaɗai za ki aika tukuna. Amma kafin nan ki zauna ki gyara su tsaf, musamman shi, kar a gan shi a hargitse. Gobe za mu koma teku, sai kin ji ni.

Ɗan wanki,
Clifford

Toledo
Afrilu, 2003

Clifford,

Ina fatan gwiwa ta sace. Ka riƙa ɗaure ta da tsumma mai ɗumi, ka rage giya. Ni ina nan, ƙanƙara ta narke, kwankwaso ya sarara min.

Na karanta bayaninka har sau biyu don in tabbatar ba wasa kake ba. Wai manya da gemu su biya kuɗi a kulle musu littafi yadda ba mai iya buɗe shi har abada. Ni da na yi shekara talatin a laburaren makaranta ina roƙon yara su buɗe littafi, ban taɓa jin wauta irin wannan ba. Amma tunda maganar dawowarka ce, na yi abin da ka ce.

Ka ce in gyara, na gyara. Ka yi sa'a har yanzu ina da kayan aikina. Littafin ya sha wuya a hannun ubanka. Ƙarafunan tsakiya da ke riƙe shafukan sun yi tsatsa, na cire su na sa sababbi. Bangon ya yage daga ƙasa, na liƙe shi ta ciki da siririyar takarda da gam mai kyau, ko da yatsa ka shafa ba za ka ji ba. Gefen da ya zaizaye na daidaita shi da abin yankan takarda. Jar rigar mutumin ta koɗe a kafaɗa, na cike ta da fensir mai launi. Gertie da ta gani cewa ta yi kamar yau aka sauke shi daga mota.

To ya je ya dawo, a cikin akwatin gawarsa na roba. Ka san nawa ƙwararrun naka suka ba shi? Biyar. Biyar cikin goma, a kan aikin da shugaban makarantarmu kan ɗaga wa baƙi su gani. Ko tambarin ma ba su iya mannawa daidai ba. Ka ce shuɗi, sun sa mai launin shunayya, sun rubuta a ƙasa wai an gyara shi. To da ba a gyara ba, ni me na zauna yi? Sun jera duk abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, babu ko kalmar godiya.

In ka ga ya kamata in rubuta musu su sake dubawa da tabarau, ka faɗa min.

Antinka,
Dolores

Dutch Harbor
Mayu, 2003

Anti,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, har zuwa lokacin da na buɗe wasiƙarki.

Me kika yi? Anti Dolores, me kika yi? Da na ce ki gyara su, cewa nake ki jera su bi da bi, ki miƙar da su kar su lanƙwashe. Ban ce ki yi masa tiyata ba! Tsatsar nan da kika cire, da yagewar, da koɗewar, su ne shaidar cewa ba wanda ya taɓa shi. Tambarin shunayya ba kuskure ba ne, shi ake manna wa littafin da aka ɓata da gyara. Masu saye na gudunsa kamar mai kuturta. Har da yanke masa gefe! Shekara sittin yana kwance lafiya, ɓera bai ci shi ba, ruwa bai taɓa shi ba, sai ke da fensirinki a yini ɗaya.

Kin yi shekara talatin cikin littattafai, amma layi ɗaya na wasiƙa ya gagare ki fahimta. Dama can ba ki taɓa ɗaukar abin da ni ko babana muke so a bakin komai ba.

Kar ki rubuta musu komai, kin ba mu kunya ta isa. Yanzu ko naɗe kifi ba zan yi da shi ba. Ki kai shi kasuwar tsofaffin kaya ta cocinku, ki ajiye kusa da kek ɗin tuffa na Gertie, wataƙila wani ya tausaya ya saya.

Clifford

Toledo
Yuni, 2003

Clifford,

Ina lafiya. Ban tambayi taka ba, tunda mai ƙarfin rubuta irin wannan wasiƙa ba ya rasa lafiya.

Wannan karon na karanta layinka a hankali, don kar ya gagare ni. Ranar Asabar aka ci kasuwar coci. Na ajiye shi kusa da kek ɗin Gertie kamar yadda ka umarta. Dakta Pruitt, likitan haƙorin nan mai ofis a bayan gidan waya, shi ya tausaya. Dala biyar ya bayar, daidai da makin. An sa a asusun gyaran rufin coci.

Ni na yi jinyar ubanka har ya cika, kai kana teku. Ka tuna da wannan in za ka sake faɗa min abin da na ɗauka a bakin komai.

Dolores Kubiak

Dutch Harbor
Yuni, 2003

Anti Dolores,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya. Gwiwa ta tsananta, yanzu a kicin suka mai da ni, ina feraye dankali.

Wasiƙar da na aiko miki a watan jiya, da zafin rai na rubuta ta. Ba ki san sana'ar ba, ni kuma ban yi bayani yadda ya kamata ba. Mu bar wannan. Ga labari mai daɗi: na samu wani dillali a waya, na karanta masa duk abin da ke kan tambarin. Ya yi tsaki, ya ce an yi asara, amma ya ce irin wannan littafin ko da tambarin shunayya akwai masu nemansa, waɗanda aljihunsu bai kai na shuɗi ba. Ba zai sai min gida ba, amma zai isa in biya kafin alƙalami, in sauka daga jirgi. Don haka ki sa shi a durowa ki kulle, kar rana ta taɓa shi, kar ki nuna wa kowa.

Ɗan wanki,
Clifford

Ƙari: Na riga na liƙe ambulan ke nan aka miƙo min taki. Na farke na ƙara wannan. Anti, gatse nake yi! Wa ke bin maganar gatse? Kuma shi wannan Pruitt ɗin na san shi, duk taron masu tara littattafai da ake yi a Detroit yana sahun gaba. Sarai ya san abin da ya ɗauka. Ya kalli tsofaffi biyu a rumfar coci ya miƙa musu dala biyar. Na sa hannu a kan wani kamun na damina, ba ni da zaɓi.

Toledo
Agusta, 2003

Clifford,

Ina gaishe ka. Feraye dankali ba abin kunya ba ne, ka dai riƙa zama in kana yi. Ni lafiya lau, rabona da jin ƙarfi irin na watan nan har na manta.

Ba don kai na tashi ba, kar ka yi zato. Gertie ce ta tuna min cewa da gaggawa Pruitt ya ciro kuɗin, kuma ko kek bai tsaya saya ba. Ni ba a raina min hankali a rumfar cocina.

Na je gidansa. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce in sauko in ga inda littafin zai zauna don hankalina ya kwanta. Clifford, ƙarƙashin gidan nan ya fi ɗakin haihuwa na asibiti tsabta. Ga inji na tsotse laima, ga fitila mai dishi-dishi, ga gidajen roba jere a kan kanta har rufi, kowanne da lambarsa. Yana tafe yana nunawa. Wannan tara da ɗigo biyu ne, wancan tara da ɗigo shida. Ko sau ɗaya bai ambaci abin da ke cikinsu ba.

Na ce, “Wanne ya fi daɗin labari?”

Ya yi dariya. “Haba, Misis Kubiak, ai ba a karanta su.”

“To me ake yi da su?”

“Ana riƙewa. Suna hawa.”

Na ce, “Madalla. Wanda ka saya a wurina na ɗan wana ne, bisa kuskure ya fita. Ga dalarka biyar.”

Nan take fara'ar ta ɗauke. Ya ce ciniki ya faɗa, shi bai tilasta wa kowa ba. Har ya ƙara da cewa in gode masa, don bayan ɓarnar da na yi masa ba kowa ne zai yarda ya ajiye shi kusa da nasa ba. Wai jinƙai ya yi.

Na ce, “Ka san kuɗinsa lokacin da ka ɗauka?”

Ya ce, “Sanin kaya ai ba laifi ba ne.”

Washegari na ɗauki saƙata na tafi ofishinsa, na zauna a ɗakin jira. Yarinyar da ke kan tebur ta ce, “Kina da alƙawari da likita?” Na ce, “Ni haƙorana a kofi nake kwantar da su, 'yata, ba ni da buƙatar ubangidanki. Zama kawai na zo yi.” Duk wanda ya shigo riƙe da kunci, sai in matsa kusa in tambaye shi jiki, sannan in ba shi labari tun daga farko. Ban ƙara ko kalma ba, ban zagi kowa ba. Ka san muryata, wadda ke kaiwa ƙarshen laburare. Wata mata da ta zo ciro haƙori ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki jakarta ta ce mutumin da zai yi wa coci haka ba zai sa hannu a bakinta ba.

Ya fito da ƙyallen hanci a wuya, fuska ja wur. “Misis Kubiak, zan kira 'yan sanda.”

Na ce, “Kira su, Dakta. Su ma ba su ji labarin ba.”

Kullum da safe ina can. Gertie ta fara rako ni da kek, tana yanka wa masu jira. Har wani ɗan jaridar unguwa ya zo ya ɗauke mu hoto.

Ba Pruitt ne ya dawo da littafin ba, ba shi da wannan zuciyar. Matarsa ce ta ƙwanƙwasa min ƙofa ranar Alhamis, da littafin a cikin ledar cefane tare da kabeji. Ta ce, “Ga kayanki. Shekara ashirin ban shanya wanki a ƙarƙashin gidana ba saboda laima za ta taɓa littattafansa. Da za ki koma ki zauna har ya rabu da sauran, ni zan riƙa kawo miki kofi.” Na miƙa mata dala biyar, ta ce in bar su, sun zama na rufin coci.

Yana cikin durowa, a kulle. Ban taɓa shi ba.

Antinka,
Dolores

Dutch Harbor
Satumba, 2003

Anti Dolores,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan yadda take, amma yau ban ji ta ba. Na karanta wa mutanen kicin wasiƙarki, mai dafa mana abinci ya yi dariya har miya ta ƙone.

Ki gafarce ni. Maganar da na yi miki a kan babana ba ta dace ba, kuma ba gaskiya ba ce.

Wani gidan gwanjo a Chicago zai turo mutum ya karɓi littafin. Ki ba shi, ki karɓi shaida. Don Allah kar ki yi masa wa'azi.

Ɗan wanki,
Clifford

Toledo
Nuwamba, 2003

Clifford,

Ina gaishe ka. An sayar da gida, na koma wani ƙarami a hawan ƙasa, kusa da coci. Akwai ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki. Shelby ce ta taya ni kwashe kaya, ta tambaye ni yaushe za ka zo.

Mutumin Chicago ya zo, da takalmi mai ƙyalli da turare kamar mai sayar da akwatin gawa. Ko littafin bai kalla da kyau ba. Hoton jaridar nan ya ciro, ya ce labarin ya zaga duk mujallun masu tara kaya. Ya sa na sa hannu a takarda cewa ni ce na gyara shi, ni ce kuma na zauna a ɗakin jira. A takardar gwanjonsu suka raɗa masa suna, wai Kwafin Tsohuwar Toledo.

An yi gwanjon makon jiya. Ya ninka abin da dillalinka ya faɗa maka, har da ɗori. Gam ɗin nan ne dai, fensirin nan ne dai, tambarin shunayyar ma yana nan bai sauya launi ba. A watan Mayu ba ya isa naɗe kifi, yanzu wasu ƙarti biyu sun kusa dambe a kansa ta waya. Kuɗin da sunanka aka rubuto, yana banki.

Ka ji wanda ya fi. Shekaranjiya wani saurayi ya tuƙo mota tun daga Indiana, ya tsaya a ƙofata da littafinsa a cikin leda. Wai in gyara masa, in sa hannu, zai biya. Na karɓa na juya shi gaba da baya. Lafiyarsa ƙalau, ko lanƙwasa babu. Na ce, “Ɗan nan, me zan gyara a nan?” Ya ce shi zai yaga, ni in liƙe. Na mai da masa abinsa, na rufe ƙofa, na sa sakata.

Waɗannan su ne mutanen da ka zagi antinka saboda su.

Ka sauka daga jirgin nan kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Gafarar da ka roƙa a takarda ban karɓa ba. Ka zo ka faɗe ta a tsaye a bakin ƙofata, a kan gwiwar taka mai ciwo, sannan in zuba maka miyar kabeji.

Antinka,
Dolores